Ruwa ne ajalin allon iska: yadda ake ceto shi daga ƙaramar tsaga a gaɓar Maroko

Daga watan Afrilu zuwa Satumba, da wuya rana ta karkata iskar arewa ba ta sauko wa Essawira ba. Garin yana bakin Tekun Atilantika a ƙasar Maroko, yamma da Marrakesh. Tsohon gari ne mai ganuwa, wanda Sarki Muhammad bin Abdullah ya gina a shekarun 1760, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001. Iskar tana kwasar yashi tana watsa wa mutane a ƙafafu, tana kifar da lemar duk wanda ya zo hutawa a bakin ruwa. Ita ce ta hana garin cika da masu kwanciya a rana irin na Agadir. Ita ce kuma ta jawo wasu baƙi na daban, masu isowa da dogayen jakunkuna ɗaure a kan motoci, wato 'yan wasan winsafin.

Wasan ba shi da wuyar kwatance. Mutum yana tsaye a kan allo mai tsawon kusan mita biyu da rabi, an kafa doguwar sanda a tsakiyarsa, an ɗaura wa sandar ƙyalle mai kama iska, shi kuma yana riƙe da wani mariƙi da ya kewaye ƙyallen. Babu inji, babu sitiyari, daga iska sai ƙarfin ƙugu. Gudu kuwa ba a magana. A 2015, a wata doguwar magudana da aka haƙa a Lüderitz ta ƙasar Namibiya, Bafaranshe Antoine Albeau ya kusa taɓa kilomita 99 a awa ɗaya.

Amma wanda ya zagaya bayan rumfunan da ake ba da hayar alluna, ko a Essawira ko a ƙauyen Mulay Buzarktun da ke arewa da ita, zai ga ɓangaren wasan da ba ya fitowa a hotuna. Ga alluna jingine da bango, hancinsu a ƙasa, wani an cusa masa takarda a rauni, wani an kankare masa fenti har soson ciki ya fito. Akasarinsu ba karyewa suka yi ba. Tsaga ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. A irin wannan ake gane mai gyara na gaske, don ita tsagar ba ta kashe allo. Abin da ke kashe shi ruwan da ya bi ta cikinta ne, da gaggawar wanda ya toshe bakin ya bar ruwan a ciki.

Abin da ke ƙarƙashin fenti

Allon da injiniyan jiragen sama Jim Drake da abokinsa Hoyle Schweitzer suka kawo kasuwa a Kaliforniya, bayan sun nemi rajistar mallakar fasahar a 1968, da roba mai kauri aka riƙa zuba shi. Ya haura mita uku da rabi, nauyinsa ya kai kilo 20, kuma ko a kan tsakuwa aka ja shi bai damu ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, da 'yan wasa suka fara tsalle a kan igiyar ruwa a Hawai, har zuwa lokacin da wasan ya shiga gasar Olamfik a Los Angeles a 1984, hankalin kowa ya koma kan rage nauyi. Allon yau yakan tsaya tsakanin kilo 6 zuwa 10. Nauyi ya tafi, amma ya tafi da wani kaso na ƙarko.

Cikinsa farin soso ne mai ƙwaya-ƙwaya, irin wanda ake samu a kwalin sabuwar talabijin ko firji, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na wannan soso iska ce zalla. A kansa ake shimfiɗa siririn yadin faiba, sai wani soso mai tauri na PVC wanda kaurinsa bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba, sai wani yadin kuma, na faiba ko na kabon. Wani lokaci har da siririn falankin katako a inda ƙafa ke takawa. Gam ɗin ifoksi ne ke haɗe su duka, a matse su cikin mazubi har su zama fata guda, sannan a bi da fenti. Yawancin allunan manyan kamfanoni a wuri ɗaya ake yin su, a masana'antar Cobra International da ke lardin Chonburi a ƙasar Tailan, wadda ta fara aiki a 1978. Daga can zuwa Essawira tafiya ce mai nisa, babu kuma mai mayar da allo masana'anta saboda tsaga.

Wannan fata tana iya ɗaukar ƙato yana dirowa daga tsalle mai tsawo, muddin nauyin ya bazu. Abin da ba ta jurewa shi ne bugu a wuri ɗaya: kan dutse, kusurwar ƙofar mota, ko sandar allon ita kanta. Shi ya sa mafi yawan raunuka a hanci suke. Ɗan wasa yana maƙale da ƙyallen ta wata ƙugiya da ke ɗaure a ƙugunsa. Idan iska ta ƙara ƙarfi ba shiri, sai ta fizge shi ta wurga gaba, sandar ta biyo shi ta sauka a kan hancin allon da dukkan nauyinsa. Ɗan koyo sai ya sha wannan faɗuwa sau da yawa a wuni guda. A Mulay kuma akwai ƙarin haɗari, domin ta kan shimfiɗar dutse ake shiga ruwa ake fita. Haka Pozo Izquierdo a tsibirin Gran Canaria, inda ake gasar duniya, bakin ruwanta duk mulmulallun duwatsu ne. Duwatsun Ho'okipa a Hawai kuwa sun ci kayan zakaru ba adadi.

Allo yana numfashi

Ƙwayoyin soson ba sa shan ruwa sosai, amma tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ƙananan hanyoyi da ruwa ke bi ya yi nisa. Allon da ya sha rana a kan yashi, iskar cikinsa ta kumbura, wata ta fice ta tsagar. Da an jefa shi a teku, ruwan wannan gaɓa kuwa da sanyi ko a tsakiyar zafi, sai iskar da ta rage ta tsuke, allon ya zuƙi duk abin da ke bakin raunin. Ke nan ba ɗiga ruwan yake yi ba, zuƙo shi ake yi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, a jikin abin da gaba ɗayansa kilo 7 ne. Ruwan teku kuma yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, wanda ko ruwan ya bushe shi yana nan yana jawo laima.

Nauyi ba shi ne babbar illa ba. Idan allo mai sanyin digiri 15 aka kulle shi a mota har ya kai digiri 60, matsin iskar da ke cikinsa yakan ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100. A lissafi, kimanin tan ɗaya da rabi ke nan yana tura kowace murabba'in mita ta fatar daga ciki. Idan da ruwa a ciki, tururi ya ƙara nasa. Sai fata ta rabu da soso, wurin ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, wata rana ya kumburo. Saboda haka ne ake sa wa allo wani ɗan sukuru mai zoben roba kusa da gindin sanda, wanda shi ne ƙofar numfashinsa. Ana kwance shi in za a ajiye allo ko a hau jirgin sama da shi, a ɗaure kafin a shiga ruwa. Wanda ya manta bai ɗaure ba ya buɗe wa teku ƙofa da hannunsa, kuma wannan mantuwa ta jiƙa alluna da yawa waɗanda ko ƙwarzane ba su da shi.

Kafin a taɓa gam

Mai gyara da ya san aikinsa ba ya fara buɗe kwalba. Yakan ɗora allon a kan benci a inuwa, ya wanke wurin da ruwan daɗi, ya goge, ya danna gefen raunin da babban yatsa ya ga ko zai lotsa. Sannan ya ɗauki kwabo ya riƙa ƙwanƙwasa fatar yana zagaye wurin. Lafiyayyar fata amonta a tsaye yake, inda ta rabu da soso kuwa sai a ji amon ya mutu. Da alƙalami yake bin iyakar, kuma sau da yawa da'irar da ya zana ta fi tsagar da ido ke gani girma nesa ba kusa ba.

Sai tambayar da komai ya dogara a kanta: shin tsagar ta ratsa? Akwai tsohuwar dabara da 'yan wasa ke yi tun a bakin ruwa. Mutum ya ɗora leɓensa a kan tsagar ya tsotsa. In iska ta biyo, ko ya ji gishiri a harshe, to ta ratsa. Wata hanyar ita ce a ɗaure sukurun numfashi, a bar allon ya ɗan ɗumama a rana, a shafa ruwan sabulu a wurin. In kumfa ta fara tasowa, magana ta ƙare. In kuwa fenti ne kawai ya goge, ba abin tashin hankali ba ne, ɗan fila da samfefa sun isa, ko ma a ƙyale shi.

Idan ta ratsa, aikin farko shi ne a ƙara buɗe raunin, abin da ke ɗaga wa mai allo hankali in yana tsaye yana kallo. Da reza da samfefa mai kaushi, lamba 60 ko 80, ake cire duk abin da ya murƙushe, har a isa inda fatar take da ƙarfi kuma manne da sosonta. Daga nan sai jira. Ana kwance sukuru, a jingine allon raunin yana ƙasa, a murɗa takardar goge hannu a cusa cikin soson, a bar jelarta tana reto a waje inda iska ke kaɗawa. Takardar tana jawo ruwa daga ciki, iska tana busar da shi a waje. Da rana ta ɗumama allon, iskar ciki ta turo ruwan zuwa bakin rami. In an ga farin gishiri ya taru a jikin takarda, an san aiki yana tafiya. Shagunan da ke da hali suna haɗa famfon zuƙe iska a bakin raunin, su bar sukuru a buɗe don busasshiyar iska ta ratsa soson.

Sikeli ne alƙali a nan. Ana auna allon kullum, kuma muddin nauyi yana raguwa, da sauran ruwa. Ɗan ruwa kaɗan yakan fita cikin kwanaki, wanda ya daɗe yana sha kuwa sai ya ci makonni, wani ma ba zai taɓa komawa nauyinsa na asali ba. A wannan mataki ne yawancin gyare-gyare ke lalacewa, kuma ba rashin sani ke jawo haka ba. Baƙo ya biya kuɗin jirgi daga Faransa ko Jamus don hutun mako guda, iska tana kaɗawa, ga abokansa can suna ta sheƙa gudu. Sai ya matsa a liƙe masa yau. Mai gyara da ya biye masa ya cuce shi, don ifoksi ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, ruwan da aka rufe a ciki kuma ba shi da mafita. Gara baƙon ya yi hayar wani allon na kwana uku.

Gam da ke cinye allo

Akwai kuskuren da ke mai da ramin da bai wuce kwabo ba ya zama wanda dunƙulen hannu zai shige cikin minti kaɗan. Gam iri biyu ne aka fi yin aikin faiba da su, foliyesta da ifoksi. Foliyesta ya fi araha, ya fi samuwa, shi ake gyaran kwale-kwalen faiba da shi, shi ne kuma a cikin ƙunshin gyaran allunan hawan igiyar ruwa na gargajiya, waɗanda sosonsu wani iri ne daban. Amma akwai sinadarin sitirin a cikinsa, shi kuwa narkar da farin soso yake yi nan take. Haka asiton, haka tina, haka fetur, haka yawancin fentin feshi na gwangwani. Duk cikinsu babu wanda ya kamata ya taɓa buɗaɗɗen soso. A gaɓar da masunta da masu hawan igiyar ruwa suka fi 'yan winsafin yawa, kwalbar da ta fi kusa da hannu sau da yawa ita ce mai ɓarnar.

Shi ma ifoksi yana da halinsa. Ruwa biyu ne, gam da hadina, kuma kowane kamfani da ma'auninsa, wani biyu bisa ɗaya, wani biyar bisa ɗaya. Duk wanda ya saba da filar gyaran jikin mota ya san cewa in ya ƙara hadina, abin zai yi saurin kamawa. Wannan sabo ba ya aiki a nan. A ifoksi, kowane ɓangare sai ya sami abokin haɗinsa daidai wa daida, rarar da ta rage kuwa haka za ta zauna, facin ya fito da danƙo har abada. Shi ya sa ake awo da sirinji ko ƙaramin sikeli, a juya sosai ana kankaro gefe da gindin kofi. Ifoksi yana kuma fitar da zafi yayin da yake kamawa. In aka tuttula shi da yawa cikin rami mai zurfi, soson da ke kewaye ya riƙe zafin, sai ya narke ya bar kogo a ƙarƙashin facin da ido ke gani lafiya lau. Gam mai kamawa cikin minti biyar, irin Araldite mai sauri da ake samu a kowace kasuwa, ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma bai kai mai jinkirin kamawa jure ruwa ba.

Saboda haka ba a cika rami da gam tsagwaronsa. Ana yanka gutsuren farin soso daidai ramin a manna, ko a zuba kumfar foliyuritan mai kumbura a yanke rarar in ta bushe. In ramin ƙarami ne, sai a kwaɓa ifoksi da wata farar hoda ta ƙananan ƙwayoyin gilashi masu iska a ciki, har ya yi kaurin da ba ya zuba. Wannan kwaɓi ba shi da nauyi, kuma yana goguwa da sauƙi. Idan soson PVC ma ya karye, ana feƙe gefensa a karkace, a yanko sabo a zaunar, da siririn yadin faiba a ƙarƙashinsa.

Sai fatar waje, wadda ita ce ainihin gyaran. Gyartai ba ya ɗinke ƙwarya a kan bakin tsaga, sai ya koma gefe da gefe ya kama lafiyayyen wuri. Haka ma a nan. Ana goge fenti a kewayen raunin har zaren yadin asali ya fara bayyana, a zagaye da salatif don kada gam ya ɓata sauran jiki, a yanka faci biyu ko uku na yadin faiba masu girma daban-daban, babbansu ya hau lafiyayyar fata da santimita 2 zuwa 3. Ana jiƙa su da ɗan buroshi. Farin yadi in ya sha gam daidai sai ya koma garau, ana hango abin da ke ƙarƙashinsa. In da sauran fari bai ƙoshi ba, in kuwa yana iyo an yi yawa. Ƙarfin a zare yake, gam riƙo kawai yake yi. Daga nan a rufe da leda, a matse da salatif ko a ɗora jakar yashi, don rarar gam da kumfa su fita.

Masu hannu da shuni suna son a yi musu faci da kabon saboda sunansa. A hanci dai faiba ta fi dacewa, domin kabon yana da tauri amma yana tsagewa in ya sha bugu, faiba kuwa tana ɗan lanƙwasa ta dawo.

Lokacin yin aikin ma ba a wasa da shi. In aka shimfiɗa faci da safe, rana tana hawa allo yana ɗumama, iskar ciki za ta riƙa turowa ta cikin ɗanyen gam, ta bar ƙananan huji da ido ba ya gani amma ruwa yana gani. Ƙwararru da la'asar suke yi, lokacin da allon ya fara hucewa yana jan numfashi ciki, sai ya ja gam ɗin ya shige soso ya kama da kyau. Sukurun numfashi kuma a kwance. Kashegari in farce bai lotsa facin ba, a wanke shi da ruwa, don laimar bakin teku takan sa wani maiƙo ya taso a kan ifoksi wanda ke hana fenti kamawa. Sai guga: lamba 80, sai 120, sai 240, har 400 da ruwa, ana shafawa da tafin hannu ana jin inda ya yi tudu. Fentin ƙarshe ba ado ba ne kawai, domin rana tana cin ifoksi, ta sa shi ya yi rawaya ya riƙa dagargajewa.

In gyaran ya faɗo inda ake takawa, akwai sauran aiki ɗaya. Saman allo da gangan ake barinsa da kaushi don kada ƙafa ta zame. Ana shafa siririn gam ko banish, a barbaɗa garin roba na musamman. Wanda ba shi da shi yakan barbaɗa sukari. In gam ya bushe aka wanke, sukarin ya narke ya bar ƙananan ramuka masu riƙe tafin ƙafa.

Na gaggawa, da wanda ya fi ƙarfin gida

Akwai abin da ake yi a bakin ruwa in raunin bai sha ruwa ba. Ana sayar da ifoksi mai kama da tuwon ƙasa, launi biyu a curi ɗaya, a murza da yatsu har launin ya haɗu, a danna cikin ramin. Akwai kuma mai kamawa da hasken rana cikin 'yan mintoci, irin na Solarez, amma sai an duba kwalin an tabbatar na ifoksi ne, don kamfanin yana yin na foliyesta ma. Salatif mai fuskar alminiyom yana tare ruwa na ɗan lokaci. Na yadi mai launin toka, wanda kowa ke ɗauka ya isa, ruwa yana bin ƙarƙashinsa. Duk waɗannan na wucin gadi ne. In an koma gida sai a ɓamɓare a yi na gaskiya, amma da yawa ba sa komawa kai sai allon ya yi nauyi.

Wasu raunukan kuma ƙanana ne a ido kawai. Tsaga a kewayen ramin da ake ɗaura ƙege a ƙarƙashin allo, ko a hanyar da gindin sanda ke zama, ko a ramukan sukurun maɗaurin ƙafa, ba aikin ɗan koyo ba ne, domin nan ne duk ƙarfin iska da na ruwa ke haɗuwa. Haka layin da ya ratsa allo daga gefe zuwa gefe, wannan alamar karaya ce. Tun da aka fara ɗaura wa alluna fiffiken ƙarƙashin ruwa mai ɗaga su sama, irin na iQFoil da aka yi gasar Olamfik ta 2024 da shi a Marseille, nauyin da ramin ƙege ke ɗauka ya ƙaru ƙwarai. In ya saki a tsakiyar teku, iska tana kaɗawa daga tudu, maganar ta wuce ta kuɗi ta koma ta rai.

Wanda gyara ya fi amfana

Sabon allo yakan haura Yuro 2,000, ban da sanda da ƙyalle da mariƙi. Ga baƙo daga Turai, gyara ragin asara ne. Ga yaron gaɓa kuwa shi ne ƙofar shiga wasan gaba ɗaya, domin da wuya ya fara da sabo. Da kwancen baƙi da tsofaffin allunan haya ake koyo. Essawira ta fitar da Boujmaa Guilloul, wanda ya yi suna a gasannin duniya da tsalle mai tsawo, ya kuma kafa cibiyarsa a Mulay. A tsibirin Bonaire da ke yankin Karibiyan, yaran da suka tashi a gaɓar Lac, irin su Tonky Frans da Taty Frans, sun kai sahun gaba a duniya, Kiri Thode kuma ya zama zakaran duniya na wasan salo a 2013. A irin waɗannan wurare, kowane allo da aka busar da kyau aka yi masa faci mai kyau, wani yaro ne zai hau shi. Wanda aka bari ya ruɓe kuwa bola zai tafi, don ifoksi da ya kama ba ya narkewa balle a sake sarrafa shi, ƙwayoyin farin soso kuma in suka watse a yashi ba mai iya tsince su.

Saura abu ɗaya da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, wato lafiyar mai gyaran. Ɗanyen ifoksi, musamman hadinarsa, yana sa fata ta ƙi shi. Mutum zai yi shekaru yana taɓawa da hannu ba abin da ya same shi, rana ɗaya yatsu su fara ƙaiƙayi, su yi ƙuraje su tsattsage, fatar ido ta kumbura. Wanke hannu da asiton ko tina ƙara tura sinadarin yake yi cikin fata, sabulu da ruwa su ne daidai. Ƙurar faiba da ta kabon tana shiga huhu, ta gam ɗin da bai gama kamawa ba ta fi muni. Sau da yawa kuma yara masu koyon sana'a ake bar wa guga, su da suka fi kowa sauran shekaru a gaba.

Masu cibiyoyin haya da masu shagunan gyara su ne ya kamata su ɗauki wannan nauyi. Safar hannu ta naitiril, takunkumi mai tace ƙura, tabarau, da wurin aiki mai shan iska, duka kuɗinsu bai kai na hayar allo na 'yan kwanaki ba. Kada a miƙa wa yaro samfefa ko kofin gam sai an miƙa masa su tukuna, domin fatar da ta riga ta ƙi ifoksi ba ta sake karɓarsa, kuma mai ita yakan bar sana'ar ne dole.